Nomau da Inuwar Kirya

A Kwarin Maje an taɓa yin wani rami da ba ya cika. An zuba masa ƙasa ya shanye, an zuba duwatsu ya haɗiye. Nomau ne ya haƙa shi da hannunsa.

Nomau mai gawayi ne, ubansa mai gawayi, kakansa ma haka. A gidansu akwai ƙa'ida guda. In ka sari itace, ka sare shi daidai gwiwarka, ka bar kututturen, ka shafe kansa da ɗanyar laka, ka tafi abinka. Bayan 'yan damuna sai ka tarar ya yi toho ya zama itace. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Haka aka tarar ana yi.

Sai Jibo maƙeri ya zo masa da magana. Ya ce gawayin reshe na dafa tuwo ne kawai, gawayin saiwar kirya shi ke narkar da ƙarfe, kuma masu mota daga birni in suka gan shi ba sa tsayawa ciniki. A lokacin Tasalla matar Nomau tana da tsohon ciki, rumbu ya yi ƙasa, ragon suna kuwa ko inuwarsa babu a gidan. Ga tsohuwar kirya a bakin rijiyar gari, wadda kakansa ya sara, ubansa ya sara, kullum tana komowa. Nomau ya sare ta. Ya tsaya a kan kututturen da laka a hannu. Can sai ya yar da lakar, ya ɗauko diga.

Ya tone ta har ƙarshen saiwa. Gawayin ya yi kyau, in ka buga shi yana ƙara kamar ƙarfe.

Ba a daɗe ba rijiya ta fara ba da ruwa ja. Daga nan laka. Daga nan guga ya riƙa dawowa da rairayi busasshe. Mai gari ya tara jama'a ya ce a ɗaure kaya, za a tashi a koma bakin gulbi, tafiya mai nisa cikin tsakiyar bazara. Gwaggo Yelwa, ƙanwar uban Nomau, ita ce ungozomar garin. Ta duba Tasalla, ta fito ta ce yarinyar nan ko ƙofar gari ba za ta kai ba a kan jaki, balle gulbi. In an tafi da ita a rasa ta a hanya, in an bar ta ƙishirwa ta kashe ta.

Ta dubi Nomau daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, da ubanka ya bar maka gatari, ya haɗa maka da diga ne?"

Ya ɗauki buhun gawayin da ya rage, ya saɓa gatarinsa, ya fita.

Rana ta take tsaka, gari tsit, ko kaza ba ta yawo. Ya zauna bakin ramin yana kallon ciki, shi kansa bai san abin da yake nema ba. Sai ya ji hayaniya tana tasowa daga ƙasa. Ya kasa kunne. Hayaniyar kasuwa ce sosai, ana tayi, ana cewa albarka, ana rantsuwa. Ya leƙa. Inda babbar saiwa ta fita, wata hanya ce ta buɗe, tana gangarawa, faɗinta ya ishi raƙumi da kaya.

Ya yi bisimilla, ya ɗora buhun a ka, ya sauka.

Hanyar ta yi ta murɗewa da shi kamar yadda saiwa ke murɗewa. Babu fitila, amma babu duhu, bangon da kansa yake ba da wani haske kamar na hantsi. Da ta sake shi, sai ya gan shi a wani daji da babu ganye ko ɗaya. Itatuwa ne tsaye baƙi ƙirin, duk gawayi, daga tushe har reshe, ƙasan kuma toka ce har idon sawu. Kowane itace yana huci. Ya taka a hankali, sai ya fara gane su. Ga marken da ya ƙone bara. Ga taurar bayan gonar liman. Duk abin da ya taɓa sa wa wuta yana nan.

Wani marke ya sunkuyo da reshensa har kusa da kunnensa ya ce, "Wuce, ɗan Adam. Mu ba mu da ƙara a kanka, ƙafafunmu suna can sama suna toho. Amma kada ka karya ko tsinke a nan. Abin da ka karya a nan, a jikinka zai karye."

Rassan sun sarƙe, wasu sirara kamar tsintsiya. Nomau ya sauke buhu ya rungume shi, ya riƙa bi a durƙushe, wani wuri da rarrafe, zafi na cin bayansa. Kusa da fita gatarinsa ya taɓa wani ɗan reshe, ya ce ƙas. Nan take ƙaramin yatsansa na hagu ya karye. Ya cije leɓe, ya yagi bakin rigarsa ya ɗaure, ya wuce.

Gaba da dajin ya tarar da kogi. Bai taɓa ganin irinsa ba, kuma bai ƙara gani ba. Ruwan ba gangarawa yake ba, hawa yake. Yana tashi daga ƙasa igiya-igiya, dubbai, kowace igiya tana bin saiwa guda tana shigewa rufin duniyar nan. Wasu kauri kamar cinyar bijimi, wasu kamar zaren saƙa, duk suna walƙiya, suna wata irin ƙara mai daɗi kamar ana kaɗa ƙwarya daga nesa. Nomau ya manta da yatsansa. Ya tsaya baki buɗe. Ashe ruwan da suke ja da guga, wani ne ya fara jawo musu shi.

A tsakiyar kogin akwai wani babban giɓi. Igiyar wurin ta faɗi, ta naɗe a ƙasa kamar macijin da aka kashe, ba ta da abin kamawa. Ba wanda ya gaya masa, ya san ta Kwarin Maje ce.

Mai fito yana bakin gaɓa, wata gara ce mai girman maraƙi, tana riƙe da gora, kwale-kwalenta ɓawon ƙwallon goruba ne. Ta ce ba ta ƙetar da kowa kyauta. Ya miƙa mata gawayi, ta kau da kai. Ta ce a nan ana biya ne da abin da ƙasa za ta iya sha. Ta miƙo masa ƙoƙo. Ya rasa yadda zai yi, sai ya cire rigarsa da ta jiƙe sharkaf da gumi ya matse a ciki. Ta ɗanɗana, ta ce gumin mai aiki ne, ya shiga.

Suka bi ta tsakanin igiyoyin ruwa, sanyinsu na bugun fuskarsa, maƙogwaronsa ya bushe kamar fata. Ya miƙa hannu zai kamfata. Garar ta buge hannun da gora ba ta ko waiwayo ba. Ta ce wannan ta wani gari ce, masu ita ba su tone itacensu ba.

A tsallake kasuwar take. Ba a ganin ƙarshenta. Rumfunanta saiwoyi ne suka tanƙwaro suka haɗu, masu ciniki kuwa wasu dogaye kamar giginya, wasu ba su kai tsawon taɓarya ba, wasu ƙafafunsu na jaki, wasu fuskarsu hayaƙi ce kawai da idanu biyu. Amma kayan sayarwar su suka fi ɗaure masa kai. Wata tsohuwa ta jera ƙwarya-ƙwarya cike da inuwa, tana aunawa da ludayi, ta tsamiya daban, ta gawo daban. Kusa da ita mai raɓa ne da gorunansa. Ga masu iskar damina a cikin salka, in mai saye ya ce a ɗanɗana masa sai a kwance baki kaɗan, ƙamshin ƙasar da ruwa ya fara taɓawa ya cika layin. Ga ƙudan zuma jere a kan tabarma suna jiran mai ɗaukar 'yan ƙwadago, wanda zai kai su gonar da ke fure. Duk abin da Nomau ya tashi yana samu a banza, a nan da farashinsa, kuma ana faɗa a kansa.

Aka ja masa bakin wando. Ya duba, sai ga hawainiya da 'yar hula, rigarta tana sauya launi, ido ɗaya na kallonsa ɗaya na kallon buhun.

"Sannu da zuwa, Malam mai diga. Duk kasuwa ta san ka. Ni ne dillali a nan, ba a shiga wurin Magajiya sai ta hannuna. Me ka kawo, me kake nema?"

Ya ce ruwan rijiyarsu yake nema. Hawainiya ta yi dariya har rigarta ta koma ja. Ta ce ta ga masu ƙarfin hali, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kashe saniya ya zo da fatarta yana neman a sayar masa da nono ba. Duk da haka ta ce ya biyo ta. Tafiyarta ta isa ta sa mutum kuka, taku ɗaya sai ta tsaya ta yi tunani, amma ko'ina suka nufa taro na darewa.

A tsakiyar kasuwa Magajiyar Saiwoyi take zaune. Nomau ya ɗaga kai bai ga inda ɗankwalinta ya ƙare ba. Gashinta saiwoyi ne farare, sun bazu sun shige rufi ta ko'ina, in ta juya kai sai ka ji duk kasuwar ta motsa. A gabanta akwai ma'auni, kowane faranti ya kai faɗin masussuka. Ya zube ya yi gaisuwa.

Muryarta ta fito a hankali, amma sai da ya ji ta a tafin ƙafarsa. "Ya kai ɗan Adam, jikan mai laka a hannu, me ya saukar da kai inda ba a kira ka ba?"

"Ranki ya daɗe, ruwa. Matata tana kan gwiwa ko yau ko gobe, rijiya ta ƙafe, gari zai tashi ya bar ta."

"A kawo mai ƙara."

Wasu dogaye huɗu suka shigo ɗauke da wani tsoho a kan faifai. Baƙi ne, mai faɗin ƙirji, fatarsa duk tsage-tsage, gemunsa kore. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai. Nomau ya sunkuyar da kai. Ya san wannan ƙirjin, ya sha jingina da shi yana yaro.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, kakan yaron nan ya sare ni, ban kawo ƙara ba, aski ne. Ubansa ya sare ni, ya shafa mini laka, na gode masa. Abin da ke sama da gwiwa riba ce, mun bar wa 'yan Adam su ci, mu sake yi. Abin da ke ƙasa jari ne, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Wannan ya zo ya ci jarin."

Magajiya ta ce a auna. Aka ɗora buhun gawayin Nomau a faranti guda, farantin ya sauka har ƙasa, ya ɗan ji sanyi a ransa. Sai masu haƙƙi suka fara fitowa. Zuma suka zo suka zuba furen da za su sha, da wanda jikokinsu za su sha. Tsohuwa mai ludayi ta juye inuwar da awaki da masu jan ruwa ke zama a ciki. Wata 'yar guntuwa ta zuba ƙwayar kirya da matan gari ke daddawa da ita. Ƙasa da kanta ta turo wani dunƙule, ta ce wannan ne abin da iska za ta kwashe tun da babu mai riƙe shi. Daga ƙarshe aka jawo igiyar ruwan nan da ta faɗi, aka naɗa a kai. Farantin gawayi ya yi sama har Nomau ya daina ganinsa.

Hawainiya ta raɗa masa cewa ya yi tayi, ba a tsayawa shiru a gaban ma'auni.

Ya ce ya ba da buhun. Magajiya ta ce, "Albarka." Ya ajiye gatarin gado. "Albarka." Ya ce gonarsa, da jakinsa, da rufin ɗakinsa. "Albarka." Duk kasuwa an bar ciniki an zagaye su. Ya tuna Tasalla kwance a tabarma tana lasar leɓe, ba ta ko yi masa ƙorafi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Ya ce, "To a ɗauki raina, a sakar mata ruwa."

"Albarka. Gawa ba ta jan ruwa, ba ta inuwa. Ku 'yan Adam kun fi son ku mutu da ku gyara. Ba mu sayen abin da ba ya aiki."

Hawainiya ta hau kafaɗarsa, rigarta ta koma fara. Ta ce saura abu guda, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya ɗauka ya kai ba. Ya tsaya a madadin itacen, ya yi aikinsa, daga yanzu har rana ta karkata. In ya ɗaga ƙafa ko sau ɗaya, ciniki ya ɓaci, kuma hanyar gida ta rufe. Nomau ya ce ya ɗauka. Ta ce la'adarta fa? Ya ce me take so? Ta ce in ya koma, ya hana yaran garinsu jifan 'yan uwanta. Ya ce ya yarda.

Magajiya ta kaɗa gashinta guda. Sai ya gan shi tsaye a wani fili fetal, rana a tsakar ka, ba kowa. Yatsun ƙafarsa suka fara tsawo. Suka huda ƙasa, suka ratsa tsakuwa, suka tsaga dutse, yana jin kowane ɗaya. Can ƙasa suka taɓa sanyi. Igiyar ruwan ta kama su.

Bai san nauyi ba sai ran nan. Ya ɗauki buhunan gawayi tun yana yaro, amma wannan kamar an rataya masa rijiya ne gaba ɗaya a ƙugu an ce ya miƙe. Ya ja. Ruwan ya hau ta ƙafarsa, ta cinyarsa, ta ƙirjinsa, ya fita ta hannuwansa da suka miƙe suka rarrabu suka yi ganye, ko ɗigo bai tsaya a maƙogwaronsa ba. Iska ta taso da ƙarfi tana fizgar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya damƙe ta da yatsu. Awaki suka zo suka kwanta a gindinsa, wani bunsuru ya yi ta gogar ƙaho a ƙwaurinsa. Zuma suka shiga kunnensa suka fara gini. Tsuntsaye suka sauka a kansa suna faɗa, suna kashi. Mata suka zo da tulu suka zauna suna hira, wata ta jingina da shi ta ba ɗanta nono, ba wadda ta ɗaga kai ta dube shi. Wani abu ya cika masa zuciya wanda ba shi da suna. Ga azaba, ga kuma wani irin girma, duk waɗannan rayuka a ƙarƙashinsa, kuma ba wanda ya sani.

Rana ta fara karkata. Sai ya hango mutum tafe da gatari a kafaɗa.

Ya san tafiyar. Ya san rigar. Shi ne, Nomau, da fuskarsa a murtuke. Mutumin ya tofa yawu a hannu ya fara sara daidai gwiwa. Zafin ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa, amma ya ji a jikinsa cewa wannan mai warkewa ne, ya daure. Samansa ya faɗi. Yana nan a kututture, yana riƙe da ruwa. Mutumin ya ɗebo laka, ya tsaya. Ya yar. Ya ɗauko diga.

Duk jikin Nomau ya ce masa ya zare ƙafa ya gudu. Ya ji zai iya, saiwoyin sun yi sako-sako suna jiran ya ce to. Diga ta sauka, saiwa ta farko ta tsinke, ya ji igiyar ruwan ta zame kaɗan. Ya ƙara damƙewa da sauran. Ta biyu ta tsinke. Ba shi da baki, ba shi da hannu, ba abin da zai ce wa mutumin nan ya ji. Ya tattara duk ƙarfinsa a saiwa guda siririya da ta lanƙwashe bayan wani dutse, ya riƙe ruwan da ita. Mutumin ya tone, ya tone, ya kwashe, ya tafi. Bai ga wannan siririyar ba.

Inuwar dutsen ta miƙe gabas. Rana ta karkata.

Ya farka kwance gaban ma'auni, kasuwa ta cika da guɗa irin wadda kunnen mutum bai saba ji ba. Tsohon nan na kan faifai yana kallonsa. Ya sa hannu a gemunsa ya zaro wata 'yar saiwa, ba ta fi yatsa ba, ɗanya shar.

"Wannan ka bari a ramin, ba don tausayi ba, don ba ka gan ta ba. Da ita nake numfashi. Tun da ka san abin da take riƙe da shi, karɓi."

Magajiya ta ce, "Ga ciniki, ya ɗan Adam. Ka dasa ta a bakin ramin, ka shafe da laka. Kafin ta girma ta karɓi aikinta, kai ne itacen Kwarin Maje. Kullum rana ta take tsaka za ka tsaya a bakin rijiya har ta karkata, ruwa zai hau ta dalilinka. Ranar da ka fasa, ranar guga zai dawo da rairayi. Ba kasuwar nesa, ba ci-rani, ba biki a wani gari. Ka saya?"

Nomau ya yi lissafi. Kirya ba ta saurin girma, kowa ya sani. Ya ga ƙuruciyarsa gaba ɗaya tsaye a wuri guda. Ya ce ya saya. Amma ya ce akwai magana. Shi ɗaya ne, masu diga kuwa suna da yawa, kuma ba mugunta ke sa su ba, rumbu ne. In ya hana su da baki za su yi masa dariya, su tone na bayan gari.

Magajiya ta ce wannan magana ce ta mai hankali. Ta ce ya gaya musu, kowane kututture a ba shi mai shi. Wanda ya shafa masa laka ya tsare shi daga awaki, reshen da ya fito nasa ne, da ƙwayar, da zumar da ta sauka a kai, ba mai taɓawa sai da izininsa. Mutum ba ya tone abin da zai ci gobe. Wanda kuwa ya tone saiwa, gugan gidansa zai dawo a bushe ko da na maƙwabcinsa na zuba, har sai ya dasa ya raina.

Aka tafa hannu, ciniki ya faɗa. Nomau ya miƙe, ya ɗauki gatarinsa. Ya yi taku biyu, sai ya tsaya ya juyo. Jinin kasuwa ne a jikinsa, ko a gaban wa.

"Ranki ya daɗe, babu gyara?"

Hawainiya ta rufe ido biyun duka. Sai Magajiya ta yi dariya, rufi ya girgiza, ƙasa ta riƙa zubowa kamar yayyafi. Ta ce tun da aka kafa kasuwar nan ba a taɓa tambayarta ba. Ta sa mai raɓa ya cika masa ɗan gora, ta ce na mai ciki ne, kada ya kuskura ya kurɓa.

Gashinta guda ya naɗe shi a ƙugu ya yi sama da shi, ta cikin dutse, ta cikin tsakuwa, ta cikin jar ƙasa, ya dire shi a bakin ramin.

Rana tana nan tsaka yadda ya bar ta, kamar bai je ko'ina ba. Jakuna sun sha kaya, mata sun ɗora tukwane, mai gari yana kan gaba da sandarsa. Jibo maƙeri ne ya fara ganinsa, ya ce ga angon diga nan ya fito daga ɗakin amaryarsa, a ba shi hanya. Nomau bai kula shi ba. Ya miƙa wa Gwaggo Yelwa goran ya ce ta kai wa Tasalla. Ya durƙusa ya dasa saiwar, ya tofa yawu a ƙasa ya kwaɓa 'yar laka ya shafe. Ramin da ya ƙi cika ya haɗe bakinsa a hankali kamar miki. Ya je bakin rijiya ya tsaya, ya buɗe ƙafafu.

Nauyin ya kama shi. Ya ja.

Wata yarinya ce ta fara nunawa da yatsa. Inuwar Nomau ba ta mutum ba ce. Ta fito daga ƙafarsa ta yi kauri, ta rabu, ta yi rassa, ta bazu har ta rufe rijiya da jakuna da mai gari, ga ganye nan a ƙasa yana motsi alhali babu itace a sama. Sanyi ya sauka a wurin. Wani tsoho ya cire hularsa yana salati a hankali. Can daga cikin rijiya aka ji wata ƙara kamar ana kaɗa ƙwarya daga nesa.

Mai gari da kansa ya zura guga. Ya fito da nauyi, yana zuba.

Aka sauke kaya. Nomau yana tsaye, gumi na bin gemunsa, ya faɗa musu sharaɗin Magajiya da 'yan kalmomi, har da na hawainiya. Ba a yi gardama ba, mutum ba ya gardama da wanda yake zaune a inuwarsa. Kafin la'asar maza sun bazu bayan gari kowa na neman kututturen da zai ce nasa ne, har an fara faɗa a kan wani marke.

Jibo bai tafi ba. Ya gyara zama a wuri mafi sanyi, ya miƙe ƙafa, ya sha ruwa ya yi gyatsa. Ya matso ya rage murya, ya ce akwai wata kirya a hanyar fadama wadda ba wanda ya tuna da ita, mai mota kuma ya ninka tayi.

Nomau ya dube shi ya ce, "Albarka."

Rana ba ta gama karkata ba aka ji guɗa daga gidansu. Gwaggo Yelwa ta leƙo ta kan danga tana ɗaga hannu, ta ce mace ce, uwa da 'ya lafiya, ya zo ya gani. Ƙafarsa ta motsa da kanta. Ya dubi ƙasa, ya dubi rana, da saura. Ya mayar da ƙafar ya danne.

"Gwaggo, ba ni da halin zuwa. In sun iya, a kawo su nan. Akwai inuwa."